Littattafan farautar manyan namun daji: wanne ya ci kuɗinsa, wanne za ka bar wa mai shago

Wani ƙanena ne ya turo min hotunan littattafai shida da ya gani a wajen mai saida littattafan gwanjo, duk na farautar zaki da giwa da ɓauna, wai Yaya duba min ko in saya ko in haƙura, don kuɗin hannunsa ba za su ɗauki duka ba. Na fara ba shi amsa sai ta yi tsawo, na ce bari kawai in zauna in warware ta gaba ɗaya tunda ba shi kaɗai ke wannan wasi-wasin ba. Ni kam na zuba kuɗi a harkar nan, akwai wanda na karanta ya fi sau huɗu, akwai kuma wanda har yau ban wuce shafi na 40 ba, yana can ƙasan kwali gara na neman hanyar zuwa gare shi.

Su waɗannan littattafan ba jinsi ɗaya ba ne ko da bangonsu duk zaki ne ya buɗe baki. Ni kashi huɗu nake raba su: labarin dabbobin da suka koma cin mutane, tarihin tsoffin maharban Turawa na zamanin mulkin mallaka, na marubuta masu zaƙin baki da suka je safari suka dawo suka rubuta, sai na sana'a zalla wato bindiga da harsashi da inda ake harbi. Wanda ya saya bai san kashin da ya ɗauko ba shi ne ke cizon yatsa.

Ma'aunin da nake awo da shi kuwa biyar ne. Kuɗi, kuma ba farashin da ke jikin bango kaɗai ba, har da kuɗin aikowa wanda sau da yawa ya fi na littafin in daga waje za a turo, ga dala yadda take, sannan ka tambayi kanka ko akwai shi kyauta a intanet. Ƙarko, shi ma fuska biyu gare shi, takardar za ta jure zafin watan Afrilu da laimar damina da gara, kuma kai ɗin za ka sake buɗe shi bayan ka gama ko sau ɗaya ne shi ke nan. Sauƙin karatu, don duk da Turanci suke, wani Turancin ma na shekara ɗari da wani abu ne. Sai gaskiyar labari, ai mun san maharbi da ƙarin gishiri, namu na gida ma in ya fara kirari sai ka ɗauka shi kaɗai ya kashe namun dajin duniya, to Bature ma haka yake. Na biyar haɗari, ko a saida maka bugun banza, ko ka tarar da raini ga baƙar fata da zai ɓata maka rai, ko kuma ka ɗauka abin da ka karanta za ka iya zuwa daji ka gwada.

Masu cin mutane

In ɗaya tak za ka saya a duk fagen nan to ka nemi Man-Eaters of Kumaon na Jim Corbett, ya fito a 1944. Shi Corbett haifaffen Nainital ne a tsaunukan arewacin Indiya, 1875, a dajin ya tashi, kuma aikin da ya yi suna a kai shi ne in damisa ta addabi ƙauye da cin mutane sai a kira shi. Damisa biyu ake magana a nan, akwai irin tamu mai ɗige-ɗige akwai kuma babbar mai ratsi wadda yara ke kira taiga. Ta yankin Champawat, mace ce mai ratsi, an ƙiyasta ta ci mutum 436 tsakanin Nepal da Indiya kafin ya harbe ta a 1907, da ya duba bakinta sai ya ga fiƙoƙinta na gefe ɗaya a karye, tsohon harbi ne ya lalata su, shi ya sa ta kasa kama namanta na daji ta koma kan matan da ke zuwa yankan ciyawa da itace. Wannan ne abin da ya bambanta shi da sauran, kullum sai ya nemo dalili. Wata ƙayar beguwa ce ta cika mata ƙafa ta ruɓe, wani tsufa ne, wani raunin bindigar wanda ya harba bai bi sawu ya ƙarasa ba. Yana da wani littafin daban a kan damisar Rudraprayag mai ɗige-ɗige, wadda ta kashe mutum 125 daga 1918 zuwa 1926 a hanyar masu ziyarar wuraren ibadar Hindu, shi a ganinsa annobar murar 1918 ce ta koya mata naman mutum, lokacin gawa ta yi yawa ba a iya ƙonawa ana jefawa a kwazazzabai.

Turancinsa mai sauƙi ne, wanda ya gama sakandare da kyau zai bi shi, kuma yadda yake kwatanta bin sawu, ya karanta tafin ƙafa ya ce maka namiji ne ko mace, tsoho ne ko matashi, ko ya ji kukan biri da barewa ya san inda dabbar ta nufa, wallahi duk wanda ya taɓa zama da maharban ƙauyenmu zai ji kamar hirarsu yake ji. Ba ya cika baki, yana faɗin inda ya ji tsoro da inda ya yi kuskure. Daga baya ma kamara ya koma riƙewa ya shiga kiran a kare dajin, shi ya sa gandun dajin da Indiya ta fara kafawa a 1936 yau sunansa yake ɗauke da shi. A Nyeri ta Kenya ya mutu a 1955. Kuɗi kuwa bugun Indiya mai bango mai laushi yana cikin mafi arha da za ka samu, illarsa takardar ba ta da kauri, tana yin ja da wuri, gam ɗin kuma in zafi ya buge shi sai shafuka su fara zubewa. Duk da haka ka saya, in ya yage ka kai a ɗinke maka.

Abokin tafiyarsa a wannan kashin shi ne The Man-Eaters of Tsavo na John Henry Patterson, 1907. Injiniyan soja ne da aka tura gina gadar jirgin ƙasa a kogin Tsavo a Kenya a 1898, zakuna biyu maza marasa geza suka riƙa shiga sansanin lebura da dare suna jan mutum daga cikin tanti, shingen ƙaya bai hana su ba wuta ba ta hana su ba, wata tara ana wannan bala'in har aiki ya tsaya, sai a Disamba ya kashe su. Masu kallon fim sun san labarin ta The Ghost and the Darkness na 1996. To ga inda ma'aunin gaskiya ke aiki. A littafin ya ce leburorin Indiya 28 aka ci, ban da 'yan Afirka masu yawa da ba a ma rubuta adadinsu ba, ka ji fa, namu ko lissafi ba su shiga ba. Daga baya adadin ya haura zuwa 135 a bakinsa. Fatun ya saida wa gidan tarihi na Field a Chicago kan dala 5,000, kuma a 2009 masana suka gwada gashi da ƙashin zakunan suka ƙiyasta cewa abin da suka ci kimanin mutum 35 ne. Sannan labarin zakunan wajen kashi ɗaya cikin uku ne kawai na littafin, sauran duk yawon harbi ne da ba shi da wani armashi. Tunda yana nan kyauta a shafin intanet na tsoffin littattafai mai suna Project Gutenberg ni ban ga dalilin fidda kuɗi ba, sauke shi a waya ka karanta farkon ka rufe.

Tsoffin maharban zamanin mulkin mallaka

Nan ne ake samun su Frederick Selous mai A Hunter's Wanderings in Africa na 1881, da W.D.M. Bell wanda ake wa laƙabi da Karamojo mai The Wanderings of an Elephant Hunter na 1923, da tsohon shugaban Amurka Theodore Roosevelt mai African Game Trails na 1910, da J.A. Hunter mai littafin da ya sa wa suna Hunter a 1952.

Amfaninsu tarihi ne, kuma tarihi ne mai ɗaci. Bell ɗan Sikotilan ne, giwa 1,011 ya kashe don haure, yawancinsu da ƙaramar bindiga .275 wadda sauran maharba ke ganin ta yi wa giwa kaɗan, sirrinsa shi ne ya sa an tsaga masa ƙoƙon kan giwa ya nazarci daidai inda ƙwaƙwalwa take ta kowace fuska, zanen da ke littafin ma da hannunsa ya yi. A cikinsu shi ya fi daɗin karatu, gajerun babi ne, ba ya jan zance, kuma yana ba da labarin yadda yake ciniki da mutanen Karamoja a arewacin Uganda, saniya ga duk wanda ya nuna masa inda giwa take. Roosevelt kuwa ya sauka Mombasa a 1909 ya fita ta Khartoum a 1910, shi da ɗansa Kermit suka kashe manyan dabbobi 512 da sunan tara wa cibiyar Smithsonian, ciki da zaki 17 da giwa 11 da karkanda 20, littafin kuma doguwar tafiya ce mai gajiyarwa, yau mun harbi kaza gobe mun harbi kaza, ga kallon da yake wa 'yan dakonsa kamar yara ƙanana. Shi Hunter gwamnatin Kenya ce ta ba shi aikin share karkanda a Makueni a shekarun 1940 don a zaunar da manoma, ya kashe kusan 1,000. In kana neman amsar ina namun dajin Afirka suka tafi, ga wani yanki na amsar daga bakin waɗanda suka yi aikin, ba tare da kunya ba.

Selous Turancinsa ya fi na kowa nauyi a nan, jimla ɗaya sai ta ci rabin shafi, amma mutum ne mai lura da halin dabba sosai. A yaƙin duniya na farko aka kashe shi a 1917 a ƙasar da yau ake kira Tanzaniya, gandun dajin Selous sunansa ne.

Ta fuskar kuɗi, na Selous da Roosevelt da Bell duk sun tsufa har ana samun hoton shafukansu kyauta a shafin Internet Archive. Haɗarin yana wajen sabon bugun da wasu kamfanoni ke yi, su kwashi tsohon littafi da na'ura su buga ba wanda ya duba, sai ya iso ka ga haruffa sun cakuɗe, hotuna sun zama baƙin tabo, taswira babu. Na taɓa faɗawa wannan ramin da na Bell, zanen kan giwar da na saya dominsa ko alamarsa babu. In za ka sayi na takarda ka sa mai saidawa ya turo maka hoton shafukan ciki tukuna.

Masu zaƙin baki

Ernest Hemingway ya je Tanganyika, wato Tanzaniya ta yau, ya dawo ya rubuta Green Hills of Africa a 1935, rabinsa neman wani babban barewa mai murɗaɗɗen ƙaho da ake kira kudu ne da kishin abokinsa da kullum ke samun wanda ya fi nasa, rabinsa kuma hirar adabin Amurka a bakin wuta. In ba Hemingway ɗin kake so ba zai gundure ka, wannan ne nawa da ya tsaya a shafi na 40. Robert Ruark da Horn of the Hunter na 1953 ya fi shi ban dariya, ɗan jarida ne, yana yi wa kansa ba'a, shi ne ma ya fito da sunan jagoransa Harry Selby duniya ta san shi, sai dai giya ta yi yawa a ciki, kusan kowane babi da kwalba.

Sai Peter Capstick mai Death in the Long Grass na 1977, Ba'amurke da ya bar aikin hada-hadar hannun jari ya koma jagoran farauta. Kowane babi dabba ɗaya, zaki, giwa, damisa, ɓauna, dorina, kada, da yadda kowacce ke kashe mutum. Ba ka iya ajiye shi in ka fara, wannan kam gaskiya ne. Amma an daɗe ana cece-kuce a tsakanin maharban kansu cewa wasu labaran na wasu ne ya mai da su nasa, wasu kuma ya zuba musu gishiri har ya yi yawa. Ka karanta shi yadda kake sauraron mai ba da labari a majalisa, ka ji daɗi kar ka kafa hujja da shi. Turancinsa cike yake da salon maganar Amurkawa da barkwanci, wanda bai saba ba zai riƙa tsayawa. Waɗannan ukun ba kyauta suke ba, kuɗinsu matsakaici ne, gwanjo ya fi dacewa da su, na Capstick mai bango mai tauri in ka dace da shi yana da ƙarko.

Na sana'a zalla

African Rifles and Cartridges na John Taylor wanda ake kira Pondoro, 1948, bayanin bindigogi ne da harsasai ɗaya bayan ɗaya, wanne ke ratsa ƙashin giwa wanne ke tarwatsewa a kafaɗar ɓauna. The Perfect Shot na Kevin Robertson, likitan dabbobi kuma jagoran farauta a Zimbabuwe, hoton dabba ne a ɗora masa zanen zuciya da huhu da ƙashi don ka ga inda harsashi zai bi. Sai kundin Rowland Ward da aka fara bugawa a 1892, shi kam jerin awon ƙaho da haure ne da sunan wanda ya harba, ba abin karantawa ba ne, na dubawa ne.

Su suka fi tsada, su suka fi nauyi a awon aikowa, takardarsu ce ta fi kyau, bayaninsu ma ya fi na kowa zama daidai, amma su ne mafi ƙarancin amfani gare mu. Ina za ka yi aiki da su? Kenya ta hana farautar manyan dabbobi tun 1977, Indiya ta kafa dokarta a 1972, cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe an rufe shi a 1989. A gida kuwa Yankari gandu ne da aka killace tun 1956, harbi a ciki laifi ne, 'yan giwayen da suka rage gadinsu ake yi, raƙuman dawan Kure kusa da Yamai su ma kariya gare su, bindiga mai irin wannan ƙarfin kuma ba a riƙe ta sai da lasisi. Inda ake irin wannan farautar bisa doka kusa da mu shi ne arewacin Kamaru, yankunan da ke kewaye da gandun Benuwe da Faro da Buba Njida, kuma harka ce ta masu zuwa da kuɗin waje. Maharbinmu mai adaka da karnuka da ke bin gada da zomo da gafiya bayan girbi ba abin da Taylor zai ƙara masa.

| Kashi | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙin Turanci | Gaskiya | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Corbett | arha | takarda mai rauni, amma za ka maimaita | mai sauƙi | mai ƙarfi | shafuka su zube |
| Patterson | kyauta | karatu ɗaya | matsakaici | adadi ya kumbura | kashi biyu cikin uku ba armashi |
| Selous, Bell, Roosevelt | kyauta ko matsakaici | ya danganta da bugu | Bell sauƙi, Selous nauyi | mai kyau, ta idon Bature | bugun banza, raini |
| Hemingway, Ruark, Capstick | matsakaici | mai kyau a gwanjo | salon Amurka | a yi hattara da Capstick | gundura ko gishiri |
| Taylor, Robertson, Rowland Ward | tsada | sosai | kalmomin sana'a | daidai | ba inda za ka yi amfani da shi |

Wata magana kuma a kan bugun farko, don ƙanen nawa har da cewa wai mai shagon ya ce ɗaya daga ciki tsohon bugu ne zai yi daraja nan gaba. Eh akwai masu tara irin waɗannan a Ingila da Amurka, bugun farko na Selous ko Bell mai tsabta kuɗi ne sosai. Amma tsufa kaɗai ba ya sa daraja. Littafin Corbett na Kumaon wata ƙungiyar masu karatu a Amurka ta zaɓe shi ta buga shi da ɗimbin yawa a 1946, don haka tsohon kwafinsa ya cika duniya. Sannan darajar tana tafiya da lafiyar littafin, rigar bangon tana nan, ba tabon ruwa, ba hatimin laburare, ba ramin gara. Kai da za ka ajiye a ɗakin da rufin kwano ke gasawa, kuma in ka tashi saidawa ba mai saye a kusa sai ka nemo shi a waje, wannan ba jari ba ne.

To wa zai sayi me. In labari kake so mai riƙe zuciya wanda za ka karanta ka ba yaranka su gyara Turanci, Corbett, na Kumaon tukuna sannan na Rudraprayag, na takarda. In ɗalibin tarihi ne kai ko kana rubutu a kan mulkin mallaka da yadda aka ƙarar da namun daji, sauke Selous da Roosevelt da Patterson kyauta, kuɗin ka sa a bugu mai kyau na Bell da na Hunter. In na hira kake nema don doguwar tafiyar mota, Capstick a gwanjo, in babu shi Ruark. Hemingway sai mai karatun adabi. Ma'aikacin gandun daji ko likitan dabbobi ko ɗalibin fannin namun daji shi ne kaɗai zan ce ya duba na Robertson, saboda zanen jikin dabbar, shi ma in ofis zai saya ya fi. Taylor da Rowland Ward ka bar wa mai shago kayansa.

Shi ƙanen nawa a cikin shidan akwai Corbett ɗaya da Capstick ɗaya, na ce ya ɗauki biyun ya taya rabin kuɗin da aka faɗa masa, canjin ya sayi ledar da zai naɗe su da maganin gara.